Na Kunna Ta, Sufyanu

Na Allah ne mu, kuma gare shi za mu koma. Ranar Laraba, ashirin ga Agustan 2025, a ƙarshen watan Safar, Allah ya karɓi ran Sufyanu Adamu, mai gyaran ordinatar, wato kwamfuta, a bakin kasuwar Madawa, bayan zazzaɓin da bai daɗe yana fama da shi ba. Labarin ya iske ni a gonarmu ta Karofane ina tsakiyar maimai. Na ajiye hauya na zauna a ƙasa, kuma abu na farko da ya zo mini a rai shi ne in kira ka, Sufyanu, in tambaye ka ko gaskiya ne. Har na lalubo lambarka.

Sufyanu, benci ɗaya muka zauna a kolej. Daga nan ka wuce Maradi ka karanci aikin lantarki, ni kuwa na zama malamin makaranta na koma ƙauye. Halinmu bai taɓa zama ɗaya ba. Ni, Isiyaku, mutum ne mai gaggawa, duk wanda ya zauna da ni ya sani. Kai kuwa ko gobara ake yi sai ka tsaya ka gyara zaman hularka. Na sha yi maka tsiya a kan wannan sanyin jikin, kai dai sai ka yi murmushi ka ce sauri ya haifi nawa, ka ci gaba da kwance ƙananan kusoshinka kana jera su a murfin gwangwani.

Kwamfutar da ake ɗauka a jaka, in ruwa ya shige ta, nan gwanintarka take. Daga Buza, daga Keita, daga Sabon Gida, duk wanda shayi ya kife masa a kan tasa, ko rufin ɗaki ya yi masa yoyo da damina, wurinka ake nuna masa. Mutanenmu sun ji ana cewa a turbuɗe abin da ya jiƙe cikin shinkafa, su kuwa gero ke gare su, sai su cusa ordinatar cikin buhu su zauna jira. Akwai wata kwalba a kan teburinka da kake tara ƙwayoyin geron da ka zaƙulo daga cikin na'urori, in ta cika ka watsa wa tantabarun maƙwabcinka. "Hatsi na hura na, ba na gyara ba," haka kake ce musu. Amma ba ka taɓa sa wani ya fita shagonka da kunya ba. Ka san tsoro ne ya sa su yin haka.

Ban manta da ungozomar Tabotaki ba, wadda ruwan sama ya zubo wa na'urar aikinta. Ba ta iya barin masu naƙuda ta zo Madawa, sai ka hau moto, wato babur, ka bi laka har can, ka dawo wandonka ja wur har gwiwa. Kuma duk wanda ya taɓa kawo maka gyara ya san ɗabi'arka: da zarar na'ura ta tashi, hotuna suka fara fitowa, sai ka juya fuskarta wajen mai ita, ka kama wani aiki. Sirrin gidaje da yawa ya bi ta hannunka, ba mu taɓa jin ko ɗaya a bakinka ba.

Amma abin da ya hana ni sukuni tun ranar da ka tafi, na gidanmu ne, kuma dole in faɗe shi.

Mahaifina, Tanko, makaɗin noma ne. A zamaninsa ba a yin gayya a yankinmu ba tare da gangarsa ba. Kafin ya rasu na riƙa zaunar da shi ina ɗaukar waƙoƙinsa da kirarin manoman da ya yi wa kiɗa, har da tarinsa da dariyarsa. Wayar da na ɗauka da ita ta daɗe da lalacewa, saboda haka duk abin da ya rage na muryar Baba a duniya yana cikin ordinatar ɗina. Kowace Juma'a bayan masallaci nakan kunna wa mahaifiyata, Inna Jima, wadda yanar ido ta rufe wa gani. Duk mako wannan lokacin take jira.

Kakannin Inna masu addinin gargajiya ne. Ita da sallarta da azuminta ta tashi, amma abu ɗaya ya maƙale mata: kafin ta kai ludayin fura baki, sai ta ɗiga kaɗan a ƙasa, rabon waɗanda suka riga mu. Na yi faɗa, liman ya yi nasiha, ta ce hannu ne ya saba. Wata Juma'a a watan Yuli na sa mata wata ɗauka da ban taɓa sa mata ba, na ajiye na'urar a tabarma gabanta, na fita in kawar da awaki don hadari ya taso. A cikin ɗaukar nan Baba ya katse waƙa, ya yi tari, ya ce a ba shi abin sha, maƙogwaronsa ya bushe. Da ni yake, ranar da nake ɗaukarsa. Inna kuwa ta shafe rayuwarta tana jin wannan maganar tana miƙa ƙwarya. Ta cika ludayi fal da fura, ta laluba inda muryar ke fitowa, ta zuba masa.

Ina shigowa na tarar waƙar ta koma gurnani, nono na bin tsakanin maɓallai. Nan take na kira ka. Ba ka tambaye ni yadda aka yi ba.

"Ɗebe wayar kuran, raba ta da lantarki," ka ce. "Danne maɓalli hat ta mutu. In batir na hita, hidda shi. Buɗe ta ka kihe bisa zane awa ruhin bukka. Kak ka kai ta rana, kak ka sa ta cikin hatsi. Kuma Isiyaku, na san halinka, kak ka kunna ta don ka ga ko tana yi. Wanga ganin shi ka kashe su."

Washegari na iso shagonka. Kana buɗe cikinta warin nono ya cika wurin. Ka gaya mini gaskiya ba tare da ɓoye-ɓoye ba: da ruwa ne zalla, da ya bushe ya tafi abinsa, amma nono da sukari zama suke yi su riƙa cin siraran hanyoyin tagulla a hankali. Ka nuna mini inda ya fara yin kore. Sannan ka faɗa mini cewa irin wannan na'urar rumbun ajiyarta a manne yake da allon ciki, ba a cire shi a kai wata. In allon ya mutu, ya tafi da Baba.

Ka ɗauki alkol, ruwan nan mai saurin bushewa, da buroshi mai laushi ka fara wanke allon lungu-lungu. A nan na ba ka labarin yadda furar ta shiga, ina jiran ka yi dariya, don ni kaina haushi da dariya ne suka cakuɗe mini. Sai ka ajiye buroshin.

"Allah sarki," ka ce. "Mijinta yar roƙi abin sha, tab ba shi. Mi za ta yi in ba hakanan ba?"

A gida kuwa Inna ta daina shan fura gaba ɗaya. Ta ce ita ta shaƙe Baba da hannunta, ta sake rasa shi. Tsohuwar da dama ba ƙiba gare ta ba, ta fara ramewa a kan idona. Da na gaya maka, ka ce in kai mata wayar kunne.

"Inna, ni na, Sufyanu, abokin Isiyaku. Ki sha hurarki don Allah. Baba na nan wurina, na wanke shi tas, yana shan iska cikin inuwa. In ya bushe ni da kaina za ni kawo miki shi."

Ta yi dariya, karo na farko tun ranar da abin ya faru. Daga nan kullum sai ta tambaye ni labarin yaron Madawa. Ni kuma na dame ka da kira, kana ce mini in yi haƙuri, ka sake ganin wani koren a ƙarƙashin wani ƙarfe, ka sake wankewa. Na ce maka da a hannunka aka bar ginin Madawa da har yanzu ana kwaɓa ƙasa. Wannan ce tsiya ta ƙarshe da na yi maka.

A wurin zaman makoki matarka Fa'iza ta aiko a kira ni ƙofar gida. Ta miƙo mini ordinatar a naɗe cikin zane. Ta ce ka mayar da kusoshinta duka kafin zazzaɓin ya kwantar da kai, amma ba ka kunna ba. Ka ce a bar ta ta ƙara hutawa, in ka ji sauƙi kai za ka kai ta Karofane ka kunna a gaban Inna.

Na kawo ta gida na ɗora a kan akwati, ni mai gaggawa, na kasa taɓa ta. Duk lokacin da na kai yatsa sai in ji kamar kana tsaye a bayana. Ba wanda ya san ko aikinka ya yi, ko kai ba ka sani ba. In na danna ta ƙi tashi, wa zan kira? Na gaya wa Inna rasuwarka, ta yi salati, ta juya fuska bango. Bayan sadakar bakwai, ranar Juma'a, ita ce ta ce mini: "Kunna ta, Isiyaku. Yaron nan ba ya aikin banza."

Na yi bisimilla na danna. Fuskar na'urar ta yi baƙi na wani ɗan lokaci da na ji kamar ba zai ƙare ba, sannan ta kawo haske. Ganga ta tashi, Baba ya buɗe murya, tsaf, ba ko gargada. Na kunna ta, Sufyanu, kuma ta yi. Inna ta saurara har ƙarshe hawaye na bin kumatunta. Da waƙar ta ƙare ta share fuska da gefen zane ta ce:

"To, yanzu sa mini ta yaron Madawa in ji."

Ba ni da muryarka. Na bincike wayata kaf, rubutu ne kawai: ka zo, ta bushe, yi haƙuri. Kowa a ƙasar nan saƙon murya yake aikawa, har tsofaffi, amma kai ko dai ka rubuta, ko ka kira, ko ka taka ka je. Na tambayi Fa'iza, ta ce ita ma abin da take nema ke nan. Na tambayi abokanmu. A bukukuwa da sunaye kai ne kullum a bayan lasifika kana haɗa wayoyi, ga ka a hoto, baki rufe. Mutumin da ya ceto muryoyin iyayen mutane da hotunan 'ya'yansu daga ruwa, ya tafi bai bar mana ko sallama ɗaya da za mu kunna ba.

Wannan ne ke bina duk inda na shiga. Ina tuna duk abin da ka faɗa mini, kalma da kalma, amma in na nemi sautin sai ya suɓuce. Jiya a gona na gwada cewa "Isiyaku" yadda kake kirana, na ji ba haka ba ne, kuma na kasa gane inda na kuskure. Tsoro ya kama ni ƙwarai. Ko wata ɗaya ba ka yi a ƙasa ba.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Sufyanu. Ka wanke shi daga zunubai, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka sa haƙurinsa da riƙon amanarsa su yi masa nauyi a mizani, ka sada shi da Annabin rahama, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ina miƙa ta'aziyyata, da ta Inna Jima, ga mahaifinsa Malam Adamu, da matarsa Fa'iza, da 'ya'yansa Munir da Hasana, da dukan 'yan kasuwar Madawa. Allah ya ba ku haƙuri, ya raya abin da ya bari, mu kuma in tamu ta zo ya sa mu cika da imani.

Roƙona ɗaya ga duk wanda ya karanta wannan, daga Madawa har Buza har Keita. Ku duba wayoyinku. In akwai inda muryar Sufyanu ta shiga, ko daga nesa ne, ko tari ne, ku kai wa Fa'iza. Hasana ba ta ma fara magana ba, kuma wata rana za ta tambaya.