Fuska bakwai, ni kaɗai a Sara

Kwana uku ina zagin kwamfuta a shagon cajin waya. Manhajar gano fuska nake rubutawa: sashe ɗaya ya buɗe hoto, ya miƙa wa na biyu ya nemo fuskoki. Ashe sunan hoton nake miƙawa, ba hoton da aka buɗe ba. Kuma duk garin nan babu wanda zan tambaya.

Yau na gyara. Na saka hotonmu na sakandare, ta zagaye fuska bakwai cif.

Baba mai shago ya leƙo, ya ga abokaina a hoton. "Ina 'yan banzan nan suka shige?"

"Kano da Abuja, Baba."

"To kira su ka yi musu burga mana."

Na kira uku, ba wanda ya ɗaga.

Ku masu koyo ku kaɗai, in abu ya yi, wa kuke nuna wa?