Mijin da Ya Ƙi Furar Gwaggo Ɗela

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Kwaya ya san Gwaggo Ɗela, yayar babana. Shekara talatin tana zaune gindin gawo ɗaya, da ƙwaryar fura a dama, ta nono a hagu. Ba ta yi lakwal ba, wato makarantar boko, amma idan ka zauna gabanta sai ta gaya maka ko daga Sassumbrum kake ko daga Dungas tun ba ka buɗe baki ba. Abin alfaharinta ɗaya ne, kuma kowa ya haddace shi: "Furata ba ta taɓa ɓata wa ɗan Adam ciki ba."

Bara, bayan an gama girbin gero, 'yarta Hindatu ta dawo gida daga Magariya don haihuwar fari. Ta sami namiji, aka sa masa Munir. Gwaggo ta ajiye kasuwa ta rungumi jego. Ruwan wanka safe da yamma, kunun kanwa, sannan fura da kindirmo cikin ƙwarya sau uku a rana, wai don mama ya kawo.

"Inna, na ƙoshi," in ji Hindatu.

"Ba ke nake ba ba. Mijina nake ba. Shanye."

Mijin nata, wato jikan, bai nuna godiya ba. Da ya yi mako biyu sai ya fara kuka bayan kowane shan mama, yana naɗe ƙafafu. Ƙuraje suka fito masa a kumatu, kashinsa ya koma kore mai yauƙi. Hindatu, da yake ɗan fari ne, kunya ba ta barinta ta nuna damuwa a gaban mutane, amma ina ganin yadda take kallonsa idan ta zaci babu mai kallonta.

Gwaggo ta ce abin da uwa ta ci ne, kuma ita za ta gano shi. Ta fara da wake. Gidan tukunya ɗaya ce, don haka ranar da wake ya bar bakin Hindatu ya bar bakin kowa. Kwana huɗu, kuka bai ragu ba. Ta kori yaji. Ta kori ƙuli-ƙuli da duk abin da gyaɗa ta taɓa. Ta kori kuɓewa saboda yauƙinta ya yi kama da na kashin yaron.

Mijinta na gaskiya, Baba Lado, ya dubi kwanonsa wata rana ya ce, "Ɗela, ni ma jegon nake?"

"Kai dai ci."

"Me zan ci? Tuwo ne da ruwan zafi. Ko ni nake shayar da yaron nan ba a gaya mini ba?"

Daga nan aka fara ganinsa wurin mai shinkafa da wake a bakin tasha, ya juya wa hanya baya yana sauri. Fura kuwa, kowace rana ƙaruwa take yi, domin a cewar Gwaggo dole a cike gurbin abin da aka hana.

Ranar awon jarirai na kai su likita a moto, wato babur. Ma'aikaciyar, Madam Rukaiya, ta duba yaron, ta duba karnensa, wato katin awonsa, ta ce nauyinsa bai ƙaru yadda ya kamata ba. Ta tambayi Hindatu abin da take ci. Gwaggo ce ta amsa, ta jero duk abin da ta hana da murya irin ta wadda take jiran yabo.

"To me ya rage, Inna?"

"Fura da nono. Nawa. Da hannuna nake damawa."

Madam ta ajiye karnen. Ta ce wasu jarirai, ba da yawa ba, cikinsu ba ya jure nonon shanu ko da uwar ce ta sha. Ta ce ba ta da tabbas, sai an gwada: a bar shi mako biyu, a mayar da sauran abinci, a ci gaba da ba shi mama zalla, babu ruwa babu jiƙo.

Gwaggo ta hau moto muka kamo hanya. Sai da muka iso ƙofar gida ta kama rigata ta ce, "Idan maganar nan ta je kasuwa, na san bakin da ta fito."

Ta bi umarni, ba zan ce ba ta bi ba. Wake ya dawo, Baba Lado ya daina zuwa tasha. Nono bai sake shiga ɗakin Hindatu ba. Kwana goma, ƙurajen suka ɗan lafa amma kukan yana nan. Gwaggo ta ɗaura sabon kallabi ta ce in tayar da moto, za ta je ta karɓo wa furarta haƙƙinta.

"Madam, ga shi nan. Ko ɗigo ba ta sha ba, kuma ga kukan."

Madam Rukaiya ta juya ga Hindatu. "Gaya mini abin da kika ci jiya, tun daga safe."

"Kunu. Da rana tuwo da miyar kuka da man shanu. Da yamma kuma…"

"Man shanu?"

"Ludayi guda nake zuba mata," in ji Gwaggo. "Tunda kun hana ta nono, ai sai in ninka mai. Mai jego ce fa."

"Inna, daga ina ake samun man shanu?"

Gwaggo, wadda ta shekara talatin tana kaɗa shi a shantu da hannunta, ta gyara kallabinta. Can ta ce, "Ai shi mai ne."

Aka koma man gyaɗa. Kafin mako ya zagayo Munir ya fara barci bayan shan mama, bakinsa a buɗe. Kumatunsa suka washe. A awo na gaba Madam ta nuna wa Hindatu layin karne ya hau sama, Hindatu ta manta da kunyar ɗan fari ta yi dariya a gaban kowa.

Ban faɗa wa kowa ba. Gwaggo ce da kanta ta faɗa. Ranar da ta koma gindin gawo, wata mai goyo ta zo sayen fura, yaron yana ta tsala kuka. Gwaggo ta riƙe ludayi a sama ta fara tambaya: kashinsa fa? Ƙuraje fa? Sannan ta ce ta kai shi likita, ta dama mata fura da ruwan tsamiya, ta ba ta labarin daga farko har ƙarshe, har da man shanun, rabin kasuwa suna saurare.

Yanzu ƙwarya uku take zuwa da su, ta ukun ta tsamiya ce. Asabe mai ƙosai, maƙwabciyarta a kasuwa, takan tsokane ta: "Ɗela, ina furar da ba ta taɓa ɓata wa ɗan Adam ciki ba?"

"Tana nan. Mutum ɗaya ne ya ƙi ta, kuma ko ɗanɗanawa bai yi ba. Mijin Magariya ne, me kike tsammani?"

Madam ta ce yawancin irin waɗannan yara sukan warware idan sun girma. Gwaggo ta ware wa Munir ƙaramin ludayi, ta rataye shi a ɗaki, ba ta yarda kowa ya taɓa.