Izzuddeen Mai Saki Kullum

Izzuddeen ɗan ƙanwata ne, kuma ni na kai shi firamare a bayan kekena, don haka ina da bakin yin maganarsa. A Unguwar Ya aka haife shi, gidan manoma, amma bai gaji noma ba. In ka miƙa masa fartanya sai ya tsaya tambayar dalilin da ya sa aka lanƙwasa ta. Ya yi karatun kwamfuta a Kano, ya dawo Birnin Kudu ya kama haya bayan kasuwa, ya auri Munawwara 'yar Gwaram, mace mai haƙuri har ya so ya yi yawa.

Wani kamfani na Kano yake yi wa aiki daga ɗakinsa. Suna da manhajar waya mai gaya wa manoma lokacin shuka da maganin ƙwari. Da can, in ji shi, masu rubuta manhajar daban, masu kula da ita bayan ta fita daban. A yi wata da watanni ana gini, a miƙa, kowa ya huta. Sai aka kawo sabon tsari: a yanka aikin ƙanana-ƙanana, ana yi ana nuna wa manoma, ana gyarawa. Da gyaran ya yi yawa, masu kula suka kasa bi, aka ɗora wa na'ura. Da ya rubuta abu, na'ura za ta gwada, in babu kuskure ta tura wayoyin mutane da kanta. Wannan turawar ita suke kira saki. Aka kuma ce wanda ya rubuta, shi zai yi jinya in abin ya lalace.

Ya ce mini, "Kawu, tsarin yana da kyau. Kuskure ba ya kwana."

Na ce, "Kai ma na ga alamar ba ka kwana."

Manomi yana da ranar da zai kai amfani rumbu ya miƙe ƙafa. Izzuddeen ba shi da ita. Na gan shi ya tashi daga walimar suna da shinkafa a hannu. Na ga tuwonsa ya huce a bakin ƙofa har kaji suka yi masa rubdugu. Ya rame, idanunsa kullum ja. Abin yana ba ni haushi, yana kuma ba ni tausayi.

Ran nan Gwaggo Kubra, yayar mahaifin Munawwara, ta zo daga Gwaram ganin likita, ta biya gidan ta huta. Tana zaune a tabarma ƙarƙashin taga, sai ta ji Izzuddeen a ciki yana waya da shugabansa.

"Na sake ta tun da safe. Ta ba ni wahala, amma na rabu da ita. In hankali bai kwanta ba, sai a dawo da tsohuwar."

Gwaggo ta saka salati. Ta lallaba kicin ta gaya wa Munawwara, sannan ta aika a kira ni daga shagon ɗinkina. Na bar rigar mutane a kan keke na taho. Na tarar Gwaggo tana ta ruwan bala'i, tana tambayar wace ce tsohuwar, shi kuwa ya fito da waya a hannu yana rarraba ido. Da na gane inda maganar ta karkace, sai na yi bayani. Ya rantse, ya kawo kwamfutar ya nuna. Gwaggo ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Ku 'yan boko, duk kalmomin duniya ku rasa wadda za ku ɗauka sai wannan?"

Ni ma na dara, har sai da na leƙa ɗaki. Munawwara ta riga ta cika akwati. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma fara fitar da kayan ba.

Izzuddeen ya ce, "Kin ji dai, manhaja ce."

Ta ce, "Na ji, Malam. Abin da ya ba ni tsoro, da Gwaggo ta faɗa mini ban yi mamaki ba. Ita kullum kana sakinta, kullum kuna tare. Ni ba ka taɓa sakina ba, amma na manta rabon da mu ci abinci kwano ɗaya."

Ta nemi izininsa ta raka Gwaggo gida ta ɗan huta. Bai iya hana ta ba. Ni na ɗaukar mata akwatin zuwa tasha.

Har yanzu tana Gwaram. Shekaranjiya ya zo shagona ya zauna a benci. Ya ce, "Kawu, ina so ka raka ni biko."

Na ajiye almakashi na ce, "Madalla. Yaushe?"

Sai ya zaro waya zai duba ranar da babu saki.