Baɗin da Na Jira a Bakin Filin Basket

A ƙauyenmu, kusa da Attantane, tatsuniya ta fi daɗi a ƙarshen damina, lokacin da gero ya fid da kai amma bai nuna ba, rumbu kuwa ya koma fayau. Da an idar da sallar isha'i Kaka Rabi za ta hura wuta a ƙofar ɗakinta, ta jefa ɗanyen ganyen bedi, wato darbejiya, don hayaƙi ya kori sauro. Mu jikoki mu zagaye ta, ido na hawaye, ciki na ƙugi. Ni na fi kowa tsawo, ita kuwa ba ta raga mini ko kaɗan.

"Maigidana, janye sandunan nan naka kada su kama wuta," haka take ce mini. "Miji sai tsawo, ko goro bai iya kawowa."

A yi ta dariya, ni in naɗe ƙafafuna. Sannan ta gyara murya ta ce, "Ga ta nan tahe, ku matsa ku ba ta wuri." Mu amsa, "Ta shigo ta zamna."

Wadda ta fi maimaita mana ita ce ta Kurege da Bushiya, masu gonaki gefe da gefe. Wata shekara, ana tsakiyar zafin bazara, sai ɗan hadari ya leƙo daga gabas. Kurege, sarkin gaggawa, ya kwashe irinsa kaf ya yi binne, wato ya shuka a busasshen yashi tun ruwa bai sauka ba, don gonarsa ta riga ta kowa tsiro. Aka yi ɗan yayyafi, gero ya tsiro, Kurege ya shiga gari wutsiya a sama. Bushiya kuwa ta tona ƙasa, ta ji ƙarƙashi a bushe, ta koma gida ta ƙara toshe bakin tulun irinta. Rana ta buɗe, tsiron Kurege ya ƙone ƙurmus. Da ruwan gaske ya sauka Bushiya ta shuka nata a natse, shi kuwa ba shi da ko ƙwaya, sai ƙwadago ya yi a gonarta. Shi ya sa har yau in Kurege ya hango mutum yakan miƙe tsaye ya dubi sama, sannan kunya ta kore shi rami.

A nan Kaka takan nuna mu da itacen da take tona wuta, ta ce, "Wanda duk ya riga ruwa, rana ka yi mishi girbi. Kun jiya?" Mu ce mun ji. Ni kam na ji fiye da kowa, don maganar ta zauna mini daram a kai.

Da na ci jarrabawa aka kai ni lise, wato babbar sakandare, a Tasawa. Can na fara ganin ƙwallon kwando, wadda mu basket muke ce mata. Malamin wasanninmu, Mushe Isufu (haka muke kiran malamai, daga Faransanci), tun ranar farko ya tsaya ya dube ni daga ƙasa har sama, ya ce in zo fili da la'asar. Abin da aka yi ta yi mini ba'a da shi tun ina yaro, ga shi yau an ce alheri ne. Na so wasan nan so na haƙiƙa. Ko a barci hannuna jifa yake yi.

A shekarar za a je Maradi gasar makarantu, kuma saura gurbin mutum ɗaya a ekip ɗinmu, wato ƙungiyar ƴan wasanmu. Mushe ya kira ni gefe, ya dafa kafaɗata.

"Sani, wurin naka ne in kana so," ya ce. "Amma gaskiya ƙashinka bai yi ƙwari ba. Yaran Maradi ƙarti ne, ture ka za su yi kamar kara. In ka bi tawa, bana ka zamna kana horo, ka ci tuwo ka cika. Baɗi da kai za mu hwara, kai ne gaba. Mi ka gani?"

Allah ya sani raina yana son tafiyar. Amma ina buɗe baki sai na ga Kurege da wutsiya a sama. Na ce, "Mushe, na jira baɗi." Ya ji daɗi, ya ce ina da hankalin manya. Aka ba abokina Lawali gurbin, wani gajere mai surutu wanda ko rabin jifana bai iya ba. Ranar tafiya ni na ɗora musu jakunkuna a kan mota, na tsaya ina ɗaga hannu har suka sha kwana.

Shekarar nan na yi horo kamar me. Na yi gudu a yashi, na yi tsalle, na cika na yi ƙirji. Aka tafi dogon hutu, na je gida na yi noma ina ɗokin komawa. Da muka dawo sai muka tarar an yi wa Mushe Isufu canjin wurin aiki, an tura shi can gabas mai nisa, kamar yadda akan yi wa malamai ba shawara. Ashe balon ma, wato ƙwallon, nasa ne na kansa, ya tafi da abinsa. Wanda ya gaje shi mutumin kirki ne, amma shi gudu da kokawa ya sani. Zoben ƙarfen da muke jefa balo ciki ya yi tsatsa, awaki suka mai da filin wurin kwana. Har na bar makaranta ba a sake zuwa Maradi da basket ba.

Bayan shekaru, na riga na zama direban motar haya tsakanin Tasawa da Mayahi, na biya gida ana gab da damina. Na iske Kaka Rabi, ta tsufa tukuf, a ƴar gonarta tana jefa iri a busasshen yashi tana rufewa da diddige. Na sha ganinta tana haka tun ina yaro, amma sai ranar abin ya daki zuciyata.

"Kaka, binne kike? Ina Bushiya?"

Na zauna a ƙasa na kwashe labarin lise na ba ta, rabi wasa rabi kuka. 

"Kai, maigidana, ashe tsawon bai kai ga kanka ba," ta ce. "Don ku bar mini gero shi nuna ni ka ba ku wagga tatsuniya, kun ishe ni da karyar tumu ɗanye. A wanga yashi namu wa ka jiran tabbas? Ka binne rabi, ka aje rabi. In ta ƙone, kai dai ka taɓa ganin tsiro."

Ba na ganin laifinta, ba na ganin na Mushe. Maganarsa gaskiya ce, ƙashin yaro yana son lokaci, kuma inda filin zai jira ka, jira shi ne daidai. Mu dai a wurinmu fili na mutum ɗaya ne, in ya tashi an tashi. Wannan ne ba wanda ya gaya mini.

Lawali yana sayar da kayan babur a bakin tasha, kullum muna shan shayi tare. A Maradi an lallasa su tun wasan farko. Shi sai gab da tashi aka sa shi, balo ya zo hannunsa sau ɗaya, ya jefa, ya wuce bayan allo ya faɗa cikin ƴan kallo. Da zarar an samu baƙo sai ya miƙe ya nuna yadda ya yi jifar, tasha ta kwashe da dariya, shi ya fi kowa. Wani lokaci baƙon yakan juyo ya dube ni, ya ga kaina na neman taɓa rumfa, ya ce, "Kai fa, dogo? Kai ma ka yi basket?"

Sai in ce masa, "Na kusa."