Barka da Juma'a, Shanu

Na haura shekara talatin, ina koyarwa a wata firamare a cikin Daura, sannan na shiga ajin koyon rubuta manhajar kwamfuta da ake yi bayan La'asar. Malamarmu ba ta kai ni shekaru ba, amma in ta harare ka sai ka gyara zama.

Ranar da muka zo kan fankshin, cewa ta yi, "Aiki ne da za ka rubuta sau ɗaya, ka raɗa masa suna. Duk sanda ka kira sunan, ka miƙa masa abin da yake bukata, zai yi maka. Kowa ya nemo abin da ya gaji da maimaitawa."

Ni ban sha wahalar nema ba. Duk Juma'a sai Inna ta tsare ni: na gai da Gwaggo ta Sandamu? Baffa na Baure fa? Kawu fa, mai fataucin shanu? Babban yatsana har tsami yake yi don rubuta saƙo a waya.

Na zauna na rubuta fankshin, na sa masa suna gaida. Abu biyu yake karɓa: na farko wanda za a gaisar, na biyu abin da za a tambayi lafiyarsa. In na ba shi Gwaggo da jikoki, sai ya fito da "Barka da Juma'a, Gwaggo. Yaya jikoki? Allah ya ƙara nisan kwana." In kwafe, in tura ta waya. Mako uku ina shan albarka. Gwaggo har ƙuli-ƙuli ta aiko wa "yaron nan mai zumunci", na cinye abina tas.

Juma'a ta huɗu na makara, liman ya kusa hawa mumbari. Na tura gaisuwar a gurguje ban karanta ba. Ana sallamewa waya ta yi ƙara. Kawu ne.

"Ɗan nan, shanu sun ce suna amsawa," ya ce, ko dariya babu. "Kawu kuma suna kula da shi, yana cin abinci sosai."

Na duba saƙon. "Barka da Juma'a, shanu. Yaya Kawu? Allah ya ƙara nisan kwana."

Da na nuna wa malama, sai da ta dafa tebur don dariya. "Malam, fankshin bai san Kawu ba, bai san saniya ba. Wanda ka fara miƙa masa shi yake gaisarwa."

Na kira Kawu na faɗi gaskiya, na ce inji ne. Ya ce to injin ya fi ni hankali, tunda ya san masu ciyar da gidan.

Mako na gaba na tura masa daidai, sai da na karanta sau biyu. Kafin in sa takalmi amsa ta shigo: "Ni lafiya lau. Amma bijimin ya yi fushi, ya ce yau an tsallake shi."