Rigar Amaryar da Na Saka a Waya

Har yau ina tuna ranar da Hajiya Asabe ta shigo shagonmu ba ta zauna ba. Ku da kuka fara koyon ɗinki bana, ga yadda abin ya faru.

Watan Yuli ne, lokacin dogon hutu, na gama katriyem, wato aji uku na sakandare. Shagon Goggo Rabi yana nan cikin unguwar Briqueterie, kusa da masu kilishi, inda hayaƙi ke shiga yadi idan ba a rufe taga ba. Goggo ce ke yanka, mata biyu na kan keken ɗinki, mu 'yan koyo guga da maɓalli. Da yake ba na iya magana da masu kawo ɗinki, sai Goggo ta ba ni wayar shago, duk abin da aka gama in ɗauki hotonsa in saka a shafinmu. Ina son aikin nan. Na san ƙarfe huɗu ne hasken ƙofa ke fito da launin shadda.

Hajiya Asabe ta fi shekara ashirin tana ɗinki wurin Goggo. Ta kawo shadda ruwan zuma ta bikin 'yarta, aka yi wa wuyan aikin zare mai kamar ganyen zogale. Ranar Litinin aka gama, saura kwana shida biki. Na rataye rigar, na ɗauka, na saka. Kafin la'asar mutane sun cika wayar da yabo, ni kuwa ina ta murmushi ni kaɗai.

Ranar Laraba Hajiya ta zo, ta tsaya a bakin teburin yanka.

"Rabi, rigar 'yata ta riga ta zuwa biki. Ƙawayenta sun gani, dangin ango sun gani. Wata ma ta kai hoton wurin tela a unguwar Messa a ɗinka mata irinta."

Na sunkuyar da kai ina kallon allurai a ƙasa. Goggo ba ta ko dube ni ba.

"Ni na ce Maimuna ta riƙa saka hotuna, Hajiya. Ban gaya mata na amarya daban ba ne. Ki ba ni zuwa Asabar."

"In ba ta yiwu ba, ki faɗa mini tun yanzu in nemi wani wuri."

Da ta fita na goge hoton. Goggo ta ce, "Kin goge na wayarmu, Maimuna. Na wayoyin mutane fa?" Sai ta miƙo mini reza.

Kwana biyu ina warware ganyen zogalen nan, zare ɗaya bayan ɗaya, don kada shaddar ta huje. Goggo ta sake wani zane da ba wanda ya gani sai mu, ta rufe shi da zani ko fitsari za ta fita.

Bayan biki da kwana uku saƙo ya shigo daga Hajiya Asabe. Hoton amarya ne cikin rigar, da rubutu a ƙasa: "Ki ce wa 'yar shirun nan yanzu ta saka hoton."

Yanzu idon Goggo ya yi rauni, ba ta yanka kuma, masu kilishin ma sun tashi. Amma abin da na koya a wancan hutun yana nan: riga ta mai ita ce, ko da tana rataye a shagonmu. Sai ta sa ta, ta kuma yarda, sannan a taɓa waya.