Finjalin Da Ya Daina Yawo

A saman benenmu na unguwar Hindawiyya, a nan ƙasa mai tsarki, bayan la'asar, inuwar tankin ruwa takan miƙe a hankali har ta rufe darduma. Nan muke zama muna karta. Wasan poka ne, ƙanena ya koyo shi a waya, amma ba caca muke yi ba. Ƙwallayen dabino muke zubawa, in an tashi a mayar da su gwangwani.

Akwai wani finjali mai tsaga da muke kifewa gaban mai rabon karta. Kowane zagaye sai ya matsa hagu, zuwa mutum na gaba. Wanda yake gabansa shi ke magana a ƙarshe, bayan ya ga wanda ya ƙara, da wanda ya bi, da wanda ya ajiye kartarsa. Na hagunsa kuwa shi ke farawa, bai san komai ba sai abin da ke hannunsa.

Kawuna, wan mahaifiyata, tsohon direban tasi ne. Yanar ido ta rufe masa gani har ya ajiye mota, kuma ban da masallaci, hawa benen nan ne kaɗai fitar da ta rage masa. Sai ya kai karta bakin hancinsa yake gane ta. Fuskokinmu kuwa, ya ce, kamar fitilun motoci ne a hanyar cikin dutse ta Mina. In finjali na gabansa, kunne yake kasawa: yadda ƙwallaye suka faɗi, tarin maƙwabcinmu tela, shirun ƙanena. Sai ya cinye mu. In shi zai fara, ya zama abincin kowa.

Wata rana ya ce gwiwarsa ta gaji da matakala, ƙila ya daina hawowa. Mun san ba gwiwa ba ce. Ba mu yi shawara da baki ba, sai dai daga ranar finjalin ya riƙa mantuwa a gaban Kawu. Ni nake raba masa kartar, tunda ba ya gani sosai, don haka ba wuya.

Yammacin waɗannan kwanaki sun narke mini wuri guda. Tantabaru suna juyawa sama da eriyoyi, duwatsu suna komawa ruwan zuma, ƙamshin gahawa na tasowa daga ƙasa, ƙwallaye suna taruwa gaban tsoho kamar ba hannu ke kai su ba. Ya daina dariya, amma ban lura da wuri ba.

Ran nan ya lalubo finjalin, ya shafa tsagar da babban yatsa.

"Ɗan nan, finjalin naku shi ma gwiwa ke damunsa?"

Tela ya ce ai girmamawa ce, ya Alhaji. Kawu ya ce a kai girmamawar masallaci, shi wasa ya hawo yi. Ya tura finjalin dama, gabana, wanda hakan ya mayar da shi na farkon magana.

"Yalla, maza raba."

Ya zuba rabin ƙwallayensa tun kafin kowa ya motsa. Ƙanena ya dube ni, na kawar da kai, ya ƙara masa ba tausayi. Kafin kiran magariba gaban Kawu ya zama fayau.

Da na riƙe hannunsa muna sauka, yana ta zagin ƙanena da ɓarawon dabino, kafaɗarsa na rawa don dariya. A matakalar ƙarshe ya ce gobe in sa masa matashi kusa da tanki, rana ta fara matsowa wancan gefen.